Gyambon ɓawo: Cutar da ke bin sawun fari tana busar da kan babbar bishiyar katako ta Amurka

Duk shekarar da aka yi fari mai tsanani a yammacin jihar Oregon ta Amurka, masu gandun itatuwa sun san ba nan take za su ga ɓarnar ba. Sai shekara ta zagayo, wajen watan Afrilu zuwa Yuni, lokacin da ruwan hunturu ya ɗauke komai ya yi kore shar, sannan a fara hango jajayen kawuna a cikin sahun matasan itatuwa. Nan reshe ɗaya ya yi ja kamar an babbake shi, can ƙololuwa ta bushe ƙurmus alhali ƙasanta na nan ɗanye.

Wanda ya matsa kusa, ya bi busasshen reshen da ido har zuwa inda koren ya fara, zai tarar da tushen matsalar. Wani tabo ne a jikin ɓawo, ya lotsa ciki, launinsa ja mai duhu, iyakarsa da lafiyayyen ɓawo a fili take kamar an zana da alƙalami. Wani lokacin ƙaro na tsattsafowa daga gefensa. Idan tabon ya kwana biyu, akan ga wasu baƙaƙen ɗigo ƙanana, ba su kai kan allura ba, sun ɓullo a kansa.

Wannan shi ne gyambon ɓawo, ciwon da wasu nau'o'in fangas, dangin fumfunar da ke fitowa a jikin burodin da ya daɗe, suke haddasa wa bishiyar da Turawa ke kira Douglas fir. Masana sun san shi shekaru kusan ɗari. Na dogon lokaci ana ɗaukarsa ƙaramin abu, mai zuwa ya wuce. Yawaitar fari da zafi a shekarun baya-bayan nan ne ya sa aka koma yi masa wani kallo na dabam.

Bishiyar da ake gina gidajen Amurka da ita

Mafi yawan gidajen zama a Amurka da katako ake tayar da ƙashinsu, kuma Oregon ce kan gaba a jihohin ƙasar wajen samar da irin wannan katako. Kaso mafi tsoka na abin da masana'antun jihar ke yankawa daga bishiyar Douglas yake fitowa. Tun 1939 jihar ta ayyana ta a matsayin bishiyarta ta hukuma, hotonta ma yana jikin lambar motocin jihar.

Bishiya ce miƙaƙƙiya sambal, ganyenta sirara kamar allura, ba ta kaɗe shi rani da damina. Idan aka ƙyale ta takan haura shekara 500. Akwai wadda aka auna a gundumar Coos ta Oregon aka samu tsawonta ya kusa mita 100, wato ya kai na bene mai hawa 30. Asalinta yammacin Arewacin Amurka, daga lardin British Columbia na Kanada zuwa Kaliforniya, da tsaunukan Rocky har cikin Meziko.

Sunan nata na wasu 'yan Sikotland biyu ne. Archibald Menzies, likitan jirgin ruwa kuma masanin tsirrai, shi ya fara kawo wa Turai bayaninta a farkon shekarun 1790, shi ya sa a kimiyyance ake ce mata Pseudotsuga menziesii. David Douglas kuwa ya isa bakin kogin Columbia a 1825, ya tattara irinta ya aika Birtaniya, ya isa a 1827. Bai rayu ya ga girman abin da ya aika ba. A 1834, yana da shekara 35, aka tsinci gawarsa a tsibirin Hawayi cikin wani ramin tarko da aka haƙa don kama shanun daji.

Yau bishiyar ta zama 'yar gida a ƙasashe da dama. Faransa na da kimanin hekta 400,000 nata. A Jamus ta kai kusan kashi 2 cikin ɗari na dazuzzuka, kuma bishiya mafi tsawo a ƙasar, wadda ke kusa da birnin Freiburg, ita ce, ta haura mita 65. A Niyu Zilan ita ce ta biyu a itatuwan da ake shukawa don katako. Ga kuma kasuwar bishiyar Kirsimeti, inda nan ma Oregon ke kan gaba a Amurka, kuma Douglas na cikin nau'o'in da aka fi nomawa.

Yadda gyambon ke kisa

Ran bishiya ba a tsakiyar kututture yake ba. Yana cikin wata siririyar shimfiɗa mai laushi da danshi tsakanin ɓawo da itace. Ita ke ƙera sabon itace ta ciki da sabon ɓawo ta waje kowace shekara. Ruwa na hawa daga saiwa zuwa ganye ta cikin itacen da ke dab da ita, abincin da ganye ya haɗa kuma yana sauka zuwa saiwa ta cikin ɓawon ciki.

Wannan shimfiɗa fangas ɗin ke ci. Inda ya cinye ya mutu, sauran jikin bishiyar kuma na ci gaba da kauri, shi ya sa wurin ke zama a lotse. Idan tabon ya tsaya a gefe ɗaya, bishiyar na iya rayuwa da shi. Idan ya zagaye reshe ko gangar jiki ya haɗe, tamkar an ɗaure wuya ne da igiya: duk abin da ke sama da wurin sai ya mutu. Sau da yawa akan ga kumburi dab da saman tabon, domin abincin da ke saukowa ya zo ya tarar da hanya a toshe, ya taru a nan.

Shi ya sa kauri ke da muhimmanci. Babbar bishiya mai kaurin ɓawo ba ta rasa komai sai 'yan rassa. Wadda gangar jikinta ba ta wuce kaurin hannu ba takan rasa kai. Dashen da bai fi kaurin yatsa ba kuwa, tabo ɗaya ya isa ya gama da shi.

Baƙaƙen ɗigon nan da ke kan mataccen ɓawo su ne rumbun irin fangas ɗin. Idan aka yi ruwa ko raɓa mai yawa sai su jiƙe su fitar da ƙwayoyin iri da ido ba ya gani ɗaya-ɗaya, ɗigon ruwan sama ya fantsama su zuwa rassan da ke kusa. Wani nau'in irin kuma iska ke ɗauka. Suna shiga ta rauni: inda ƙanƙara ta daka, inda sanyi ya fasa ɓawo, inda barewa ta goga ƙaho, inda ƙwaro ya huda, ko inda mutum ya sa zarto.

Abin da ya bambanta wannan gyambo da irin wanda ke cin bishiya har abada shi ne, galibi shekara ɗaya yake yi. Da zarar ƙasa ta jiƙe bishiyar ta samu ƙarfi, sai ta gina katanga ta sabon nama a kewayen tabon ta killace shi. A hankali sabon ɓawo ya rufo daga gefe, mataccen ya ɓantare ya faɗi.

Amma rayuwa dabam, daraja dabam. Idan ƙololuwa ta mutu, wani reshe na gefe ne ke miƙewa ya maye gurbinta, wani lokacin biyu ko uku su tashi tare suna gasa. Sakamakon shi ne gangar jiki mai lanƙwasa ko mai rassa biyu kamar gwafa. Mai injin yanka katako miƙaƙƙen gungume yake saye da tsada. Mutumin da ya dasa itatuwa yana lissafin sara bayan shekara 40 zuwa 50, don 'ya'yansa ko don tsufansa, tabon da ya fito a shekara ta takwas zai biyo shi har ranar ciniki.

Ba fangas ɗaya ba ne

Wanda aka fi ambata a gaɓar tekun Fasifik shi ne Phomopsis lokoyae. A farkon shekarun 1930, bayan wani fari, matasan itatuwan Douglas suka riƙa bushewa ta kai a arewacin Kaliforniya. A 1933 masanin fangas Glenn Hahn ya bayyana ƙwayar cutar, ya raɗa mata suna daga Lokoya, wani wuri a gundumar Napa. A wannan shekarar John Boyce, malamin cututtukan itatuwa a Jami'ar Yale, ya wallafa bayanin ciwon kansa. A 1968 Alvin Funk, wani mai bincike a British Columbia, ya gano ɗaya matakin rayuwar fangas ɗin, ya kira shi Diaporthe lokoyae. Sunayen biyu abu ɗaya suke nufi.

Akwai wasu da ke yin irin wannan aika-aika, kamar Dermea da Cytospora, kuma ko ƙwararre ba kasafai yake iya bambance su da ido ba sai an kai ɗakin gwaje-gwaje. Ga mai gandu bambancin ba shi da wani amfani sosai, tunda halinsu ɗaya, matakin da ake ɗauka a kansu ma ɗaya.

A Turai labarin ya riga na Amurka. Tun 1920 Malcolm Wilson na Jami'ar Edinburgh ya bayyana wani fangas da ke kashe matasan Douglas a Sikotland, ya kira shi Phomopsis pseudotsugae. An sauya masa suna sau da dama tun daga nan. Hahn ya yi aiki tare da Wilson a kan wannan ƙwayar a ƙarshen shekarun 1920.

Amurkawa na da dalilin sa ido a lokacin. A 1904 aka ga wani gyambon ɓawo a jikin itatuwan chestnut a gidan namun daji na Bronx da ke birnin Niyu Yok. Fangas ne da ya shigo daga Asiya a jikin dashe. Cikin shekara kimanin 50 ya kashe itatuwa da aka ƙiyasta sun kai biliyan 3 zuwa 4, ya kawar da bishiyar daga matsayinta a dazuzzukan gabashin ƙasar. Yana cikin abubuwan da suka sa aka yi dokar killace tsirrai ta 1912. Don haka duk wanda ya ga lotsattsen tabo a jikin bishiyar katako mafi daraja a ƙasar, dole gabansa ya faɗi.

Sai dai na Douglas bai zama irin wancan ba. Fangas ɗin ɗan ƙasa ne, shi da bishiyar sun daɗe tare, kuma lafiyayyar bishiya na fin ƙarfinsa.

Sai bango ya tsage

Nan ne gundarin maganar. Waɗannan ƙwayoyin cuta suna nan a daji kullum, a jikin matattun rassan ƙasa da inuwa ta kashe, wasu ma cikin ɓawon lafiyayyar bishiya suna kwance ba sa komai. Abin da suke jira shi ne bishiyar ta raunana. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wani malami a Jami'ar British Columbia, John Bier, ya nuna yadda abin yake tun ƙarshen shekarun 1950. A gwaje-gwajen da ya yi da wasu itatuwa dangin willow da poplar, ya auna ruwan da ke cikin ɓawo, ya ga cewa muddin ɓawon na riƙe da sama da kimanin kashi 80 cikin ɗari na ruwan da zai iya ɗauka, gyambo ba ya ci gaba. Da ya sauka ƙasa da haka sai tabon ya fara faɗaɗa. Ba a kan Douglas ya yi gwajin ba, amma ƙa'idar ta zama ginshiƙin fahimtar irin waɗannan cututtuka. Ɓawon da ke jin ƙishirwa ba ya iya gina katangar da zai killace mai kutse, ƙaron da zai toshe rauni ma yana raguwa.

Yammacin Oregon wuri ne mai ruwa, amma ruwan nasa a lokacin sanyi yake sauka. Daga Yuli zuwa Satumba kusan ba a samun komai, bishiya na rayuwa ne da abin da ƙasa ta adana. Idan ruwan ya ɗauke da wuri, ko ya yi jinkirin dawowa, ko zafi ya yi yawa har iska ta riƙa zuƙe danshin ganye fiye da yadda saiwa ke iya maidowa, sai ajiyar ta ƙare tun kafin lokaci.

Haka aka yi a farin da ya kai ƙololuwa a 2015, inda aka ga matattun kawuna da jajayen rassa birjik a kwarin Willamette. Sannan aka yi zafin ƙarshen watan Yunin 2021. Ranar 28 ga watan birnin Portland ya kai digiri 46.7 a ma'aunin Selsiyus, abin da ba a taɓa gani ba a can. Washegari ƙauyen Lytton na Kanada ya kai 49.6, kwana ɗaya bayan haka gobara ta cinye shi. Ganyen itatuwa ya ƙone a ɓangaren da ke fuskantar rana cikin kwanaki, masu noman bishiyar Kirsimeti da yawa kuma suka yi asarar sabon dashen da suka sa a wannan shekarar.

Gyambon ba shi kaɗai yake zuwa ba. Bishiyar da ta galabaita tana jawo ƙwari masu huda ɓawo, manya da ƙanana, wasu na bin ƙananan rassa, wasu gangar jiki. A 2023 masu bincike Max Bennett da David Shaw na Jami'ar Jihar Oregon, tare da Laura Lowrey ta hukumar kula da gandun dajin Amurka, sun wallafa nazari kan mutuwar itatuwan Douglas a tsaunukan Klamath da ke kudu maso yammacin jihar. Abin da suka gano mataki-mataki ne. Da farko bishiyar na tsaye a wuri mai zafi da ƙarancin ruwa. Fari ya zo ya ƙara galabaitar da ita. Daga nan wani ƙwaro mai suna Phaenops drummondi, tare da sauran masu cin gajiyar rauni irin su fangas masu sa gyambo, su ƙarasa ta. Sun kuma ga cewa mutuwar na ƙaruwa ne gwargwadon yadda ruwan saman wuri ke raguwa.

Tsofaffin malaman daji a Nijar da arewacin Najeriya ba za su ji wannan a matsayin sabon labari ba. Wajen 1990 dogon yaro ya riƙa kaɗe ganye yana bushewa ta kai a Nijar da maƙwabtanta, aka zo aka yi ta bincike, ba a samu ƙwayar cuta guda da za a ɗora wa laifin ba. Zargin ya fi karkata ga ƙarancin danshi, daskararriyar ƙasa da cunkoso.

Bishiya a inda ba gidanta ba

Akwai wani ɓangare na tarihin da masu gandu ba su cika son ji ba. Yawancin wuraren da itatuwan Douglas suka fi shan wahala yau, a da ba nata ba ne.

Kafin zuwan Turawa, al'ummar Kalapuya da ke kwarin Willamette suna sa wa ciyawa wuta kusan kowace shekara a ƙarshen rani, don sauƙaƙa farauta da tattara abinci. Wutar kan kashe ƙananan Douglas, ta bar filin ciyawa da itatuwan oak jefi-jefi masu jure fari. A shekarun 1850 aka kwashe mutanen aka kai su matsugunin Grand Ronde, ƙunar ta tsaya, daga baya kuma kashe gobarar daji ya zama manufar gwamnati. Sai Douglas ta gangaro daga tsaunuka ta mamaye gefen kwarin. Mutane ma suka ƙara da nasu, suna dasa ta a tsofaffin gonaki da makiyaya saboda ita ce mai kuɗi.

A shekarun da ruwa ke wadata babu wanda ya ga aibin hakan. Ƙasa mai laka da ke cika da ruwa a lokacin sanyi tana ruɓar da saiwoyin ƙasa, ta bar bishiya da na sama kawai, sannan rani ya zo lakar ta bushe ta tsattsage. Ƙasa mai duwatsu mara zurfi ba ta ajiye ruwa. Gangaren da ke fuskantar kudu yana shan rana yini guda. A irin waɗannan wurare ne ake fara ganin jan kai, kuma a nan yake komawa duk bayan fari.

Me ake yi a kai?

Tambayar farko da mai gandu ko mai gida kan yi ita ce wane magani zai fesa. Amsar da malaman daji ke bayarwa ba ta yi wa kowa daɗi: a daji da gandu babu feshin da ke da amfani. Fangas ɗin na ƙarƙashin ɓawo inda magani ba ya kai wa, kuma lokacin da reshe ya yi ja an yi watanni da gama ɓarnar. Inda feshi ke da gurbi shi ne gandun rainon dashe, inda dubban ƙananan itatuwa ke cunkushe ana yi musu ban ruwa ta sama. Can ma ana haɗa shi ne da rage cunkoso, da ban ruwa da safe don ganye ya bushe da wuri, da tsince duk dashen da ya nuna alama a ƙone shi kafin a kai wa masu saye.

Kafin komai ana son mutum ya tabbatar da abin da yake gani. Wuƙa ta isa. A kankare ɓawo kaɗan a iyakar matacce da mai rai: mai rai fari ne ko kore-kore da danshi, matacce ruwan ƙasa ne a bushe, kuma idan gyambo ne iyakar a bayyane take. Idan aka ga 'yan hanyoyi kamar zane da garin itace a ƙarƙashin ɓawon, ƙwaro ya shiga. Idan kuwa bishiyar gaba ɗaya ce ke yin rawaya ganyenta na raguwa, kuma maƙwabtanta na mutuwa a da'ira, zargin ya koma kan ruɓewar saiwa, wadda cuta ce dabam kuma ta fi muni. A gaɓar teku akwai wata kuma mai zubar da tsofaffin ganye, wadda aka fara bayyanawa a Suwizalan a 1925, ta addabi gandayen Oregon tun shekarun 1990. Ita danshi take so, ba fari ba.

Idan an tabbatar gyambo ne, aikin duk na rage wa bishiya ƙishirwa ne.

Ga sabon dashe, babban abokin gaba ciyawa ce. Saiwarta na sama-sama, tana shanye ruwan da ke cikin ƙasa tun kafin ɗan dashen ya kai ga nasa. Share ta a kewayen kowane dashe na shekara biyu ko uku na farko yana raba tsakanin gandun da ya kama da wanda sai an sake. Wannan ba ƙaramin lamari ba ne a Oregon, inda dokar kula da sarar daji ta 1971 ta wajabta wa mai fili ya sake dashe cikin shekara biyu bayan sara, kuma zuwa shekara ta shida itatuwan su kasance sun kafu sun fi ƙarfin ciyawa. Wanda fari da gyambo suka cinye masa dashe, sai ya sake sayen wani ya sake biyan 'yan ƙwadago.

Ga gandun da ya tasa, ana rage yawan itatuwa don waɗanda suka rage su samu ruwa. Amma ana son a yi haka tun suna da ƙarfi. Wanda ya jira har gandu ya galabaita sannan ya shiga da manyan injina a tsakiyar fari, zai daskarar da ƙasa, ya ƙuje jikin itatuwa, ya buɗe su ga rana da iska farat ɗaya, ya kuma bar tarin ɗanyen rassa da ƙwari za su hayayyafa a ciki. Takin zamani ma ba a so a lokacin fari, domin yana sa bishiya ta ƙara ganye, ganye kuma ruwa yake nema.

Mai bishiya ɗaya ko biyu a ƙofar gida yana da damar da mai eka ɗari ba shi da ita, wato ban ruwa. Ana ba da shawarar a saki ruwa a hankali na tsawon sa'o'i a daidai inda inuwar rassa ta ƙare, ba a gindi ba, sau ɗaya cikin 'yan makonni a watannin rani, har ya ratsa ƙasa sosai. Yayyafin da ake yi wa ciyawar ado kullum ba ya kai wa saiwar bishiya. A baza ɓarɓashin itace a kewaye don riƙe danshi, amma kada ya taɓa gangar jikin. Reshen da ya mutu a yanke shi ƙasa da tabon, cikin lafiyayyen nama, a ranar da babu ruwa, a goge bakin zarto da sifirit kafin a koma kan wata bishiyar.

Lokacin yanke ɗanyen reshe kuwa, shawarar ta sha bamban tsakanin nahiyoyin biyu, kuma kowa da hujjarsa. A Jamus, inda ake datse rassan ƙasa don a samu katako mara ƙulli, fangas ɗin Turai yana cin karensa ne a lokacin sanyi, sa'ad da bishiya ke barci ba ta iya rufe rauni. Don haka can ana cewa a yi yankan lokacin da bishiyar ke girma. A Oregon akwai wani malam-buɗe-littafi da ke bin ƙamshin ƙaron sabon rauni a watannin ɗumi ya sa ƙwai, tsutsarsa ta shiga ƙarƙashin ɓawo. Can sai aka ce a bari sai daga Oktoba zuwa Fabrairu. Wanda ya kwafi shawarar wata ƙasa ya kai tasa ba tare da tambaya ba, zai iya buɗe wa ainihin abin da yake gudu ƙofa.

Mataki mafi wuya shi ne na haƙura da bishiyar baki ɗaya a wasu filaye. Malaman daji na jihar suna ƙara nuna wa masu fili a busassun wurare cewa su koma ga oak ɗin asali, ko nau'in pine na kwarin Willamette, ko wasu masu jure ƙishirwa. Matsalar ita ce kuɗinsu a kasuwa bai kai na Douglas ba, wasu ma ba su da mai saye a kusa. Mai fili yana zaɓi ne tsakanin bishiya mai tsada da ƙila ba za ta kai lokacin sara ba, da mai arha wadda za ta rayu.

Akwai kuma muhawarar iri. Tun shekarun 1960 aka raba yankin zuwa shiyyoyi, ana cewa kowa ya dasa irin da aka tattara a shiyyarsa, domin shi ya saba da yanayin wurin. Yanzu wasu masana na cewa bishiyar da aka dasa yau za ta girma ne a yanayin da ya fi na iyayenta zafi, don haka gara a ɗauko iri daga wuri mafi ɗumi da bushewa. Lardin British Columbia ya fara aiki da tsarin zaɓen iri bisa yanayi a 2018. Haɗarin shi ne irin da aka ɗauko daga wuri mai ɗumi kan yi toho da wuri ko ya makara shiga barci, sanyi ya ƙone shi, kuma raunin sanyi na cikin ƙofofin da gyambon ke bi.

Turai na fuskantar nata nau'in wannan lissafi. Bayan farin 2018 zuwa 2020, wanda shi da ƙwarin ɓawo suka kashe itatuwan spruce a faɗin Jamus da maƙwabtanta, an riƙa ambaton Douglas a matsayin wadda za ta maye gurbi saboda ta fi jure rani. Ta fi ɗin, amma ƙananan dashenta a fili fetal, ga rana ga sanyin dare, su ne daidai abin da fangas ɗin da Wilson ya bayyana tun 1920 yake samu da sauƙi.

Wanda ake tsoro da gaske

Akwai wani gyambo da hukumomi ke yi wa kallon da ya wuce na sauran. Fangas ne mai suna Fusarium circinatum, wanda ke kashe itatuwan pine ko da suna cikin ƙoshin lafiya, yana sa su zubar da ƙaro sharkaf. An gan shi a Kaliforniya a 1986, ya kuma isa Afirka ta Kudu da Sifaniya da Chile. Ba ya yi wa Douglas wata ɓarna ta a-zo-a-gani, amma tana iya ɗaukarsa a jikinta ba tare da ta nuna alama ba.

A 2003 aka aika wasu rassan Douglas daga Kaliforniya zuwa Niyu Zilan don aikin inganta iri. Ƙasa ce da kusan kashi 90 cikin ɗari na gandayen katakonta nau'in pine ɗaya ne, radiata, wanda ke cikin waɗanda wannan fangas ya fi yi wa illa. Jami'ai suka tsare rassan a wurin killacewa, suka gwada, suka samu ƙwayar cutar a ciki, suka lalata kayan kafin su fita. Da aka bi sawu zuwa gandun da aka yanko su a tsaunukan Sierra Nevada, sai aka tarar da fangas ɗin a can, yankin da kafin wannan lokacin ba a san yana da shi ba.